Rauta, Bango da Ruwa: Yadda Ake Auna Ƙarfin Sigina a Gida

Malamin da ya tashi daga Wurno ko Rabah ya nufi Sakkwato don sayen rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci ba tare da igiya ba, yakan tarar da kwalaye iri-iri, kowanne da manyan lambobi a jikinsa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, buƙatar kuma ta gaske ce, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Sai dai lambobin nan gudun saƙo suke nunawa a ɗakin gwaji. Ba sa faɗin nisan da sigina zai kai a gidan ƙasa mai zaure da soraye.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne, rautar da ake sa wa layin waya tafiya biyu take haɗawa. Akwai ta tsakanin turken kamfanin sadarwa da rautar, akwai kuma ta tsakanin rautar da wayar hannu. In ta farko ta yi rauni, kamar yadda kan faru a ƙauyen da ya yi nisa da turke, tsadar na'ura ba za ta yi magani ba, sai an ɗaga eriya a kan sanda a waje, ta fuskanci turken.

Tafiya ta biyu ita ce ta cikin gida. Yawancin rautoci na aika saƙo ne da igiyoyin rediyo masu gigahaz 2.4 ko gigahaz 5. Tsawon igiya ɗaya ta 2.4 ya kai santimita 12 da rabi, ta 5 kuwa kimanin santimita 6 ce. Ta 5 ta fi ɗaukar saƙo mai yawa, amma bango yakan cinye ta da wuri, ta 2.4 ta fi jure katanga, ta fi nisan zango. Ko a fili fetal, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin sigina kan koma kashi ɗaya bisa huɗu.

A nan ne ilimin halittu ya shigo. Ruwa yana shanye waɗannan igiyoyi ya mayar da su zafi. Da haka ne ma na'urar ɗumama abinci mai gigahaz 2.45 ke aikinta. To, kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, ɗanyen ganye kuma ya fi haka. Saboda haka ajin da ya cika da ɗalibai, da darbejiyar tsakar gida, da randar da aka girke kusa da rauta, duk suna rage sigina. Bangon laka da ya sha ruwan Agusta ba ɗaya yake da busasshen bangon Afrilu ba. Haka nan gidan da ke cikin lambunan fadamar Rima, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, yana iya samun itatuwa tsakaninsa da turke. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuwa ba shanyewa suke yi ba, mayar da igiyar baya suke yi kamar madubi.

Dangane da na'urorin kansu, 'yar ƙaramar ta aljihu mai batir ta dace da ɗaki ɗaya da wurin da lantarki ba ya zama, amma eriyarta ƙarama ce. Ta tebur ta fi ta kai wa nesa. Abin lura shi ne, doguwar eriya ba ta ƙara wa na'ura ƙarfi, tattara shi take yi zuwa wasu sassa kamar yadda tocila ke tattara haske. A ajiye ta a bisa, a tsakiyar gida, cikin inuwa, don zafin bazara a nan yakan haura digiri 40.

Sandunan da ke fuskar waya ba ma'auni ba ne abin dogaro, domin kowane kamfani da irin lissafinsa. Ma'aunin gaskiya shi ne dBm, wanda manhajoji na kyauta ke nunawa da alamar ragi a gabansa. Sigina mai -50 yana da kyau ƙwarai, -67 ya isa kallon darasi ta bidiyo, -80 kuwa da ƙyar yake buɗe shafi. Raguwar 3 kacal na nufin rabin ƙarfin ya tafi.

Malami na iya gwada wannan da ɗalibansa. A aro rautoci biyu, a ajiye su wuri guda, ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi ya riƙe waya ɗaya tak, ya rubuta lambar a kowane taku biyar, daga cikin aji zuwa bayan katanga. A maimaita da aji a cike da kuma aji ba kowa, sannan a adana takardar har damina ta sauka a sake aunawa.