Filin Shawarwari: Iyakar lekol bayan gawo ya faɗi

Tambaya

A wani ƙauye na ƙasar Bambeye akwai lekol da aka buɗe sama da shekara arba'in da suka wuce, a filin da wani dattijo ya bayar. Takardar da ke hannun darakta layi uku ce kawai: gabas gawo, arewa kori, yamma gonar mai filin. Ba tsawo, ba faɗi. Gawon ya faɗi tuni, korin ya ci gaɓa ya matso, dattijon kuma ya riga mu gidan gaskiya. Bana an samu taimakon gina aji biyu da katanga, sai jikokinsa suka ce ramin tushe ya shiga gonarsu da taku goma sha biyar. Aiki ya tsaya, yara na karatu a rumfar kara. Shin mai awo zai iya raba gardamar?

Wani uba, Bambeye

Amsa

Mai awo ba ya gano iyakar da ba a taɓa aunawa ba. Inda aka nuna masa, nan na'urarsa za ta rubuta. Don haka da shaidu ake farawa, awo ya biyo baya.

Irin wannan kyauta da baki ake yin ta a gaban mai gari, lokacin da ƙasa ke da yalwa, kuma ba wanda ya ga dalilin jan igiya tsakaninsa da ƴaƴan garinsu. Alamun da aka dogara da su, itace da layin gamba da tarin duwatsu, duk masu gushewa ne. Kori ya fi su rashin tabbas, domin a Adar, inda Bambeye take, ruwan da ke gangarowa daga tsauni yana iya sauya masa gaɓa cikin damina guda.

Abin da za a fara tantancewa shi ne, kyauta ce ko aro. Aro a al'ada yana komawa gidan mai shi, kyauta kuwa ta tafi ke nan. Dattawan da suka halarci bayarwar, da ɗaliban farko waɗanda yanzu suka yi furfura, su ne za su faɗa. Bai kamata a jinkirta jin bakinsu ba, domin kowace shekara raguwa suke.

Daga nan sai a taka filin tare da su da magadan. Gawo ko ya faɗi saiwarsa na nan, in an tona inda tsofaffi biyu ko uku suka nuna, sau da yawa akan tarar da ruɓaɓɓen kututture. Jerin dogon yaron da malamai suka dasa, tsohon tushen aji na laka, da inda hauyar maƙwabci ta saba tsayawa kowace damina, duk shaida ne. Inda alama ta ɓace ƙurmus, sulhu ya rage, kuma abin da ya fi dacewa a duba shi ne filin da yara ke bukata don aji da wasa, ba tare da an tauye magada ba.

Doka ta shimfiɗa hanya. Dokar ƙasar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da na takarda, ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda yau suke a matakin ƙauye, kwamin da dapartama. Kofo ba ta yanke hukunci. Rigimar fili tana fara zuwa gaban mai gari, sannan sarkin kanto, don sulhu, kuma a rubuta sakamakon a takarda ko an daidaita ko ba a daidaita ba. In sulhu ya faskara, sai kotu a Tahoua.

Bayan an daidaita ne awo ke da amfani. GPS na hannu ko na waya yana iya kuskuren mita da yawa, kuma taku goma sha biyar bai wuce mita goma sha biyu ba. Shi ya sa ya kamata a haɗa da igiyar awo: kowace kusurwa a ɗaure ta da abin da ba ya motsi, kamar rijiyar siminti ko kusurwar ginannen aji. A kafa turakun siminti a gaban kowa, a zana taswira mai tsawo da faɗi da sunayen maƙwabta, Kofo ta ba da takardar shaidar kyauta, magada su sa hannu. Kwafi ɗaya a lekol, ɗaya wajen mai gari, ɗaya a kwamin.

Lokacin wannan aiki rani ne, bayan an kwashe amfanin gona, kafin ruwan shuka ya sauka a fara gardama kan hatsin da ya riga ya tsiro.