Kafin ka damƙa jarinka ga wani a Diffa

Ɗana, saurara. A bakin kogin Komadugu ƙaramin kamfani mutum ɗaya ne. Ko dillalin tattasai ne, ko mai bandar kifi, ko mai injin casar shinkafa, halinsa kake saye da kuɗinka. Kuma nagartarsa ba ta tare kogi, ba ta buɗe iyaka.

Abin da za ka yi

1. Binciki yadda ya yi a 2015. Dokar ta-ɓaci ta hana cinikin tattasai da kifi da hawan babur. Wanda ya biya bashinsa a lokacin shi ne abin riƙo.
2. Tambayi manoman Geskeru da Shetimari da yake saye a hannunsu. Wanda ya tauye su a awo zai tauye ka a lissafi.
3. Rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu. Mutuwa ba ta sallama, magada ba su san alkawarin baka ba.
4. Yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi. A ƙiradi, wato jarinka da aikinsa, asara ta mai dukiya ce, sai in an yi sakaci.
5. Fayyace kuɗin lissafi, sefa ko naira. Naira ta karye a 2016, ta sake karyewa a 2023.
6. Shiga sito da ƙafarka ka ƙirga buhuna. Takarda ba ta nuna tattasan da ya sha danshi.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka zuba kuɗin cefane ko dukiyar marayu. Abin da za ka iya rasawa kaɗai ake sakawa.
2. Kada ka karɓi alkawarin tsayayyen kuɗi duk wata. Ko kuɗin ruwa ne, ko daga uwar kuɗinka ake gutsuro maka.
3. Kada ka bi wanda kasuwarsa Najeriya kaɗai ce. An rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa a 2023.
4. Kada ka raina kogi. Ambaliyar 2019 da ta 2022 sun shanye gonakin gwanaye da na ragwaye.
5. Kada ka amince da mai haɗa aljihunsa da asusun sana'a. Jarinka zai koma mota ko lefe.
6. Kada ka ba wanda bai koya wa kowa aikinsa ba. Ranar da ya kwanta ciwo, shago ya rufe.
7. Kada kunyar zumunci ta hana ka neman lissafi. Sai ka rasa kuɗin, ka rasa ɗan'uwan.

In sharaɗi ɗaya ya gaza, riƙe kuɗinka.