Darasi Na 12: Babur Marar Birki

Yau za mu karanta labarin wani mutum wanda ya faɗi, ya kuma tashi. Sunansa Sverre Harrfeldt. An haife shi a shekarar 1937 a ƙasar Norwe. Norwe tana can arewacin Turai, ƙasa ce mai tsananin sanyi. Sana'arsa ita ce tseren babur.

Bari mu fara duba yadda a ke irin wannan tsere. Fagen kewayayye ne, kamar ƙwai. Mutum huɗu ke fita a lokaci guda. Sau huɗu su ke kewaya fagen. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa kuma ɗaya ce tak. In mahayi ya zo kwana, sai ya karkata babur, ya sauke ƙafar hagu tana jan ƙasa, ƙafar baya ta babur tana watsa ƙura. Wanda ya zo na ɗaya ya sami maki 3. Na biyu 2, na uku 1. Na huɗu bai sami kome ba.

Norwe ba ta da fagage da yawa. Saboda haka Sverre ya tafi Ingila, inda tseren ya ke da kasuwa. A 1965 ya shiga ƙungiyar West Ham ta birnin Landan. A shekarar nan ƙungiyarsu ta ɗauki kambun Ingila.

A 1966 aka yi gasar duniya a ƙasar Suwidin. Mahaya 16 suka taru. Kowa ya hau sau biyar. Barry Briggs, mutumin Niyu Zilan, ya sami maki 15. Sverre ya sami 14. Maki ɗaya ya raba su. Ya zama na biyu a duniya duka.

A 1968 ya tafi gasa a ƙasar Folan. Nan ya faɗi, ya ji mummunan rauni. Ya daɗe yana jinya. Wani da sai ya ce ya bar babur ke nan har abada. Amma da ya warke, a 1970, sai ga shi ya komo fage a Ingila.

To, ƴan'uwa, mu ma muna da namu fagen. Wani ya kan bar aji don ya kasa karatu rana ɗaya a gaban jama'a. Wani don rashin lafiya, ko aikin gona ya tsare shi. Faɗuwa ba abin kunya ba ne. In kun san wanda ya bar ajinmu, ku karanta masa labarin nan, ku zo da shi gobe.

Tambayoyi:
1. Mutum nawa ke fita tsere a lokaci guda?
2. Mahayi ya zo na ɗaya sau huɗu, na biyu sau ɗaya. Makinsa nawa?
3. Shekara nawa ce daga 1937 zuwa 1966?
4. Ku rubuta a allo: babur, birki, tsere, maki.