Farashi a Matsayin Linzami: Nazarin Ƙaura Zuwa Sabon Tsarin Adireshin Intanet

Duk na'urar da ke hulɗa da intanet sai da lambar adireshi. Tsohon tsari, wato IPv4, adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal yake ɗauka, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rarraba ragowar da ke hannunta ga hukumomin shiyyoyi biyar. Magajinsa, IPv6, tun 1998 aka fayyace shi, yawan adireshinsa kuwa ya wuce misali. Amma har yau ƙaurar tana jan ƙafa. Wannan muƙala ta dubi rawar da farashi ke takawa wajen zaburar da ita.

Tushen jinkirin shi ne tsarukan biyu ba sa magana da juna kai tsaye. Kamfanin da ya rungumi sabo dole ya ci gaba da riƙe tsoho domin abokan hulɗarsa. Shi ke kashe kuɗi, moriyar kuwa ta kowa ce. Wa'azin masana bai sauya wannan lissafi ba, sai da adireshi ya zama haja. A 2011 Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga Nortel a kan dala miliyan 7.5, wato dala 11.25 kowanne.

Matakin da ya fi jan hankali shi ne na Amazon Web Services. Daga 1 ga Fabrairu, 2024, ya fara cajin rabin santi a kowace awa kan kowane tsohon adireshi na fili, ya bar sabo kyauta. Kuɗin kamar ba komai ba, amma mai riƙe da adireshi dubu zai biya dala 43,800 a shekara. (Ba a manta ba, shi kansa kamfanin yana cikin masu tarin tsofaffin adireshi, don haka cajin riba ce gare shi.)

Sai dai linzamin yana da iyaka. Wasu, maimakon su ƙaura, sukan cusa na'urori masu yawa a bayan adireshi guda don rage kuɗi. Haka kuma cajin yakan faɗa kan wanda ba shi da ikon sauya komai. Jaridar Hausa da ke hayar ma'ajiyar shafinta da dala ba za ta iya sakin tsohon adireshi ba, muddin layin mai karatunta a Kano ko Damagaram bai ɗauki sabon ba. A nan, kamfanonin sadarwa ne ya kamata rangwame ko caji ya fara shafa, ba masu shafuka ba.