Efoksi, Tayil ko Siminti: Wane Daɓe Ya Dace da Shagon Waya da Gareji a Illela?

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da bidiyon da ake kwarara wani ruwa mai kauri a ƙasan ɗaki, a baza shi, kafin minti ɗaya wurin ya koma kamar madubi. Efoksi ke nan. Matashin da zai buɗe shagon caji, ko na gyaran waya, ko garejin babura a Gidan Katta ko cikin garin Illela, da ya ga wannan sai ransa ya biya. Sai dai bidiyon yana nuna ranar farko ce kawai. Abin da zai raba gardama shi ne irin abin da zai riƙa zuba a daɓen kullum, da kuma yanayin simintin da ke ƙarƙashinsa.

Ba yau aka fara shafe daɓe a ƙasar Hausa ba. Iyaye mata sun daɗe suna yin daɓe da tsakuwa da madaɓi, su yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa don ya yi ƙarfi, ya daina tashi. Aikin efoksi ke nan, kayan haɗin ne suka canza.

Mene ne efoksi?

Ruwa biyu ne a mazubi daban-daban: ɗaya danƙo, ɗaya mai daskarar da shi. Idan aka gauraya su bisa ma'aunin da kamfani ya rubuta, sai su rikiɗe su zama roba mai tauri. Ba bushewa yake yi kamar fenti ba, sinadaran ne ke cin junansu, kuma zafi yana ƙara musu sauri. A nan matsalar yankin Sakkwato take. Lokacin aikin da ake rubutawa a jikin bokiti yawanci an auna shi ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma a ƙiyasin masu sana'ar, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Haɗin da zai ba da minti 30 a digiri 25 zai ba da kamar 15 a digiri 35. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a Illela da Birnin Konni, bokitin na iya ɗaukar zafi ya daskare tun ba a kai rabin shago ba. Don haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa, a juye a ƙasa nan take.

Lokacin shafawa ma yana da tasiri. Siminti yana da ƙananan ƙofofi cike da iska. Da hantsi, idan ƙasa ta fara ɗumi, iskar na fitowa ta huda shafen farko, ya bar kumfa da ƴan ramuka. Shi ya sa aka fi son a yi shafen farko da yamma, sa'ad da daɓen ke hucewa. A lokacin hunturu kuwa dole a toshe ƙofa da taga, domin duk ƙurar da ta sauka kafin ya daskare ta zauna ke nan.

Gwaji biyu kafin a biya kuɗi

Yawancin efoksin da ke ɓarewa ba laifinsa ba ne, laifin ƙasan ne. Sabon daɓe, ko da simintin Kalambaina aka yi shi kuma ba a yi rowar siminti ba, yana buƙatar kwana 28 kafin a shafa masa komai. Tsohon daɓe kuma sai an gwada. A yanko leda mai faɗin kamar santimita 45 kowane gefe, a manne gefunanta huɗu da salatif a ƙasa, a bari ta kwana, aƙalla awa 16. In aka ɗaga aka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa daga ƙasa, kuma zai ɗaga efoksin ya yi bororo. Wannan gwajin ya fi faɗin gaskiya da damina, musamman a ginin da ba a shimfiɗa leda kafin zuba kankare ba.

Na biyu ya fi sauƙi: a ɗiga ruwa. In siminti ya shanye, da kyau. In ruwan ya dunƙule ya tsaya, baƙin mai ya riga ya shiga wurin, kuma babu abin da zai kama sai an kankare saman da inji. Ma'aikacin da ya zo da tsintsiya da burushi kawai, babu injin gurzawa, a sallame shi cikin mutunci.

Akwai kuma lissafin da kalkuletar waya za ta yi cikin daƙiƙa. Lita 1 tana rufe murabba'in mita 1 ne a kaurin milimita 1. Shago mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ne, don haka daɓe mai kaurin milimita 2, irin na cikin bidiyo, zai ci haɗin da ya kai lita 40. Wanda ya yi alkawarin wannan kaurin amma ya sauke lita 10, rabin milimita zai bayar. Fenti ne mai tsada, ba daɓe ba.

Mai gyaran waya ya fi kowa buƙatar lura

Da hunturu, idan iska ta bushe, mutum kan taɓa ƙofar mota ya ji wuta ta ɗan ja shi. Wannan lantarki ne da gogayya ke tarawa a jiki. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan sassan cikin waya bolt 100 ma na iya lalata su. Efoksi na gama-gari, da ledar ɗaki, da kafet, duk ba sa barin wutar ta sauka ƙasa, suna ma taimaka mata taruwa, balle an haɗa da silifas na roba da kujerar roba. Sakamakon ba ya bayyana nan take. Wayar na iya kunnuwa, a miƙa wa mai ita, bayan kwanaki ta dawo da ciwon da ba a san mafarinsa ba, sunan mai gyara ya ɓaci.

Akwai efoksi na musamman da ake shimfiɗa wa zirin tagulla a ƙarƙashi, irin na masana'antun lantarki, amma ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Abin da ya fi araha shi ne shimfiɗar teburi mai sauke wuta da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, a haɗa su da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Da waɗannan biyun, kowane irin daɓe ya yi. Ba tare da su ba, tsurar siminti ya fi efoksi mai sheƙi aminci.

Mai shagon caji damuwarsa daban ce. Ruwan batirin sola asid ne, yana cin siminti ya mayar da shi gari. A nan efoksi yana da amfani sosai, amma ba sai duk shagon ba: kusurwar batura da inbata ta wadatar, ko ma faranti na roba mai baki. Sauran wurin tayil ya isa, ga sauƙin shara, ga masu sa shi ba su da wuyar samu.

Gareji fa?

Tayil ba ya jimawa a inda ake jefar da sifana ana kafa jak. Fentin ƙasa na gama-gari shi ma tayar da ta sha kwalta daga Sakkwato ta yi zafi tana iya ɗago shi. Efoksi mai kauri yana jure baƙin mai da fetur, amma tartsatsin walda na ƙona shi, rana na mayar da shi rawaya, kuma in mai ya zuba santsinsa na iya karya mutum sai an barbaɗa yashi mai tsabta tsakanin shafe biyu. Rumfar da rana ke shiga tana buƙatar shafen foliyuretan a sama, irin wanda rana ba ta canza masa launi. Ƙanensa foliyasfatik, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya samar a farkon shekarun 1990, yana daskarewa cikin ƴan awanni, saurin da a zafin Illela ya fi zama matsala fiye da alheri.

Ga yawancin makanikai, daɓen siminti da aka goge da kyau, aka shayar da shi ruwan silikat mai ƙara masa tauri da rage ƙura, shi ne zaɓi mafi hankali. Ba ya ɓarewa domin ba a sama yake ba, cikin simintin yake shiga, ko da yake baƙin mai zai bar tabo.

Duk wanda zai taɓa haɗin efoksi ya sa safar hannu, domin ruwan daskarwar yana ƙona fata kuma yana jawo ƙaiƙayin da kan dawo duk lokacin da aka sake taɓa shi. Mai gurza siminti ya rufe hanci da takunkumi mai kyau. Wanda kuma haya yake yi ya tuna cewa efoksi da tayil na mai gini ne ranar da zai tashi, amma shimfiɗar roba mai haɗe-haɗe ana kwance ta a ɗaure a bayan babur a kai sabon shago.