Babi a kan ilmin awo da hikima

Ilmin awo shi ne ka bin taurari,
Shi gaya maka daren da wata ke kamuwa.
Hikima ka tambaya mine sababi nai,
Kowa da rijiyar da shi ka ɗibar ruwa.

Sharhi: Ka sani ya ɗan'uwa, Allah shi datar da mu, ilmin awo shi ne kimiyya, hikima kuwa falsafa.

Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 ta Hijira, ya ja da masu falsafa cikin mas'ala 20 a littafinsa Tahafutul Falasifa. Amma bai ja da su kan husufi ba. Ya yarda wata na kamuwa idan ƙasa ta shiga tsakaninsa da rana, har ya yi gargaɗi cewa mai musun wannan da sunan addini ya cuci addini, domin mai lissafi ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Almajirai su kiyaye wannan ƙwarai.

To, wuta ta taɓa auduga, ta ƙone. Ido ya ga haɗuwarsu. Shin wutar ce ta ƙona da kanta? Nan awo ya tsaya. Da hujjar hankali Gazali ya shiga wannan mas'ala, ita ce ta 17.