Hawan Dutsen Bagzam: Nazarin Tafiya, Tsirrai da Tsarin Magani a Ƙasar Abzin

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi Dutsen Bagzam da ke ƙasar Abzin a Jamhuriyar Nijar, a matsayinsa na matattarar itatuwan magani kuma wuri mai alfarma ga Abzinawan Kel Ewey. An bi hanyar karanta rubuce-rubucen matafiya da na masana al'ada, sannan aka kwatanta abin da suka kawo da ladubban ɗebo magani a ƙasar Hausa. Muƙalar ta gano cewa a wurin mata masu magani na Abzin, hawan dutsen ɓangare ne na maganin kansa, kuma akwai kusanci tsakanin wannan fahimta da ta Bahaushe. Daga ƙarshe an yi kira ga manazarta Hausa da su ɗauki Abzin a matsayin fagen bincikensu tun kafin masu ilimin su ƙare.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san sunan Bagzam tun kafin ya san inda dutsen yake. A bakin mahaya da makaɗan fada, bagazam doki ne na asali da ake kawowa daga Abzin, kuma daga wannan dutse sunan ya fito. Duk da haka, da wuya a ci karo da aikin da aka rubuta da Hausa a kan dutsen da mutanensa. Nazarin duwatsu masu alfarma a sassan Hausa na jami'o'inmu ya fi karkata ga Dala da Kufena da Turunku da Kwatarkwashi, kamar dai iyakar da Turawa suka shata ita ce iyakar tarihin Bahaushe. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa wanda ke son fahimtar maganin Hausa yana da abin koyo a kan Bagzam.

2.0 Dutsen da Hanyar Hawansa

Bagzam yana kudancin jerin duwatsun Abzin, arewa maso gabas da birnin Agadas. Faffaɗan tudu ne da ganuwar duwatsu ta kewaye, kuma samansa ya haura mita 1,500 daga doron teku. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Taghes, tana da tsawon mita 2,022, kuma ita ce wuri mafi bisa a duk faɗin Nijar. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa irin waɗannan duwatsu na Abzin sun samu ne kimanin shekaru miliyan 400 da suka wuce, kuma suna kan layi ɗaya da na Damagaram da na Jos, sai dai na arewa sun girmi na kudu.

Mai niyyar hawa yakan taso daga garuruwan gindin dutsen, irin su Tabelot, ya bi ɗaya daga cikin ƙananan hanyoyin da suka ratsa tsagin duwatsu. Ƙafa da jaki su ne abin dogaro, kuma ana sammako domin a ci rabin hawan kafin rana ta take. Guzurin tafiyar shi ne eghajira, wato gero da dabino da cuku da ake kirɓawa a dama da ruwa, 'yar'uwar furarmu. Wanda ya kai sama yakan tarar da abin da bai zata ba a tsakiyar hamada: ƙauyuka da maɓuɓɓugan ruwa da lambunan albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da alkama. Sanyin dare a watannin Disamba da Janairu yakan kai ga daskarar da ruwa.

Wannan tsawo da sanyi su ne sirrin tsirran dutsen. Tudun yana tare ɗan ruwan da ke sauka tsakanin Yuli da Satumba, tsagin duwatsu kuma yana riƙe danshi bayan kwari ya bushe. Saboda haka ake samun itatuwan Sahel tare da waɗanda danginsu ke yankin Bahar Rum, irin su zaitun na daji, wanda ya rage a kan manyan duwatsun Sahara tun zamanin da take da dausayi.

3.0 Alaƙar Abzin da Ƙasar Hausa

Alaƙar ta tsufa. Tarihin Gobirawa yana nuna cewa sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wannan bayani a cikin Infaƙul Maisuri. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taka har Agadas a bin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da Heinrich Barth ya ratsa Abzin a 1850, ya tarar Hausa ta zama harshen hulɗa a tsakanin Kel Ewey, kuma har yau ita ce harshen kasuwar Agadas.

Ayarin gishiri shi ne igiyar da ta ɗaure sassan biyu. Kel Ewey sukan tafi Bilma bayan damina su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangara Damargu da Damagaram da Kano su musanya da gero da tufafi. Unguwar Agadasawa a birnin Kano shaida ce ta wannan zirga-zirga. Raƙumin da ya ɗauko gishiri bai rasa ƙunshin ganye a cikin kayansa, kuma tazargade da ke kan tabarmar kowane mai sayar da magani a Kurmi tsiro ne na ƙasashen arewa, wanda sigar sunansa ma ta fi kama da ta sunayen mata a harshen Abzinawa.

4.0 Mata Masu Magani

Aiki mafi zurfi a kan wannan fanni shi ne na Susan Rasmussen, wadda ta daɗe tana bincike a ƙauyukan da ke kewaye da Bagzam, ta kuma fitar da littafinta Those Who Touch a 2006. Ta nuna cewa maganin itatuwa a nan sana'ar mata ce, waɗanda ake kira tinesmegelen. Mace takan gaji ilimin daga uwa ko inna, takan shafe shekaru tana bin babba, kuma ba ta cika zama da gindinta a sana'ar sai ta manyanta. Hanyar gano cuta ita ce taɓa jikin majinyaci, musamman ciki, wanda ake ɗauka a matsayin mazaunin dangantakar mutum da tsatson uwarsa.

Masu sana'ar suna danganta asalinta ga wata kaka mai suna Tagurmat, wadda mijinta ya kashe saboda kishi, aka ciro tagwaye mata daga cikinta, su kuma suka zama tushen masu magani. Labarin yana bayyana dalilin da ya sa aikin mai magani bai tsaya ga ba da saiwa ba. Takan sasanta miji da mata, takan saurari abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba, idan kuma ta ga lamarin ya shafi iskoki sai ta tura majinyaci wurin malami domin rubutu da addu'a.

Suna raba cututtuka gida biyu, tuksi da tessmut, wato zafi da sanyi, ana kuma magance kowanne da kishiyarsa. Duk wanda ya karanta Hausa Medicine na Lewis Wall, wanda ya fito a 1988, ko ya zauna da kakarsa, ya san wannan rabo. Bahaushe ma yana cewa sanyi ya kama mutum, ko zafi ya yi masa yawa, ya kuma zaɓi abinci da jiƙo gwargwadon haka.

5.0 Hawa a Matsayin Ɓangaren Magani

A nan ne jigon muƙalar yake. Mutum uku sun hau Bagzam, kowa da abin da ya kai shi. Na farko shi ne Bature mai tattara samfuri, kamar Angus Buchanan, wanda ya taso daga Kano ya hau dutsen a 1920 yana tara tsuntsaye da dabbobi domin gidan adana kayan tarihi na Lord Rothschild da ke Tring a Ingila, ko Francis Rodd, wanda ya bayyana yankin a littafinsa People of the Veil na 1926. Na biyu shi ne ɗan yawon buɗe ido, wanda burinsa ya taka ƙololuwa ya ɗauki hoto. Ta uku ita ce mai magani, wadda ƙololuwar ba ta dame ta ba.

A tunanin Abzinawa, duk wurin da ya fita daga da'irar tanti da gari sunansa essuf, wato daji da kaɗaici, kuma mazaunansa su ne Kel Essuf, iskoki. Itatuwan magani suna cikin wannan yanki, don haka mai zuwa ɗibarsu baƙuwa ce a gidan wasu. Takan fara da bisimilla, ta ba da sadaka, ta kiyaye harshenta da tsarkinta, domin albarkar da ke cikin ganyen tana iya gushewa idan aka ɗebe shi da rashin ladabi. Ta wannan fuska, ganyen da aka tsinko ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba ganye ne kawai. Wahalar hawa da niyya da sadaka suna cikin abin da majinyaci ke sha.

Manazarcin al'adun Hausa ba zai ji wannan a matsayin baƙon abu ba. Masu maganinmu suna yi wa itace sallama, suna ajiye gero ko kuɗi a gindinsa, suna sassaƙo ɓawo ta gabas da yamma, wani maganin kuma ba a magana har a dawo da shi gida. Yadda Bahaushe ke kaffa-kaffa da tsamiya da kuka, haka Ba'abzine ke yi da jiga, wadda yake kira agar, yana ɗaukarta mazaunin iskoki alhali yana magani da ita. Aduwa da bagaruwa da magarya da filasko da tumfafiya duk suna cikin kayan aikin ɓangarorin biyu. A Dala, kundin tarihin Kano ya nuna Barbushe shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, wato kusantar wuri mai alfarma yana da ma'abocinsa da ƙa'idarsa. Bambancin shi ne Dala ya zama kufan tarihi a tsakiyar birni, Bagzam kuwa har yanzu ana hawansa domin abin da aka saba hawansa.

Waɗannan ladubba suna da wani amfani da ido ke gani. Wanda ya sassaƙi gefe biyu ya bar gefe biyu bai yi wa itace zobe ba, don haka ba zai bushe ba. Wadda ke tsoron mai itacen ba za ta tumɓuke shi da saiwa ba. Tsoron iskoki ya daɗe yana aikin da dokar gandun daji ke fafutukar yi.

6.0 Barazana

Farin 1968 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun halaka dabbobi da itatuwa a Abzin, suka kuma kora mutane zuwa birane. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun katse zirga-zirga. Gandun Abzin da Tenere, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 1991, ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari tun 1992. Daga 2014 haƙar zinariya a arewacin Nijar ta ja hankalin matasa. A ɗaya gefen, kasuwar magani a birane tana son buhu, ita kuwa mai magani ƙunshi take ɗiba. Idan ɗan kasuwa ya maye gurbinta, sharaɗin ɗiba zai faɗi, itacen ya bi baya. Ilimin kuma a ka yake, duk tsohuwar da ta kwanta dama ba ta bar magajiya ba ta tafi da nata.

7.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa Bagzam yana cikin tarihin Bahaushe ta fuskar asali da fatauci da harshe, kuma tsarin maganin da ke kansa ya yi tarayya da na Hausa a rabon zafi da sanyi, da girmama itace, da haɗa hannu tsakanin mai saiwa da malami. Ana ba da shawarar ayyuka uku. Na farko, a tattara sunayen itatuwan magani cikin Hausa da harshen Abzinawa a jere, domin a gane wanda ya ara daga wani. Na biyu, a bi sawun kayan magani daga kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram zuwa inda aka ɗebo su. Na uku, sassan Hausa na Nijeriya su ƙulla aiki da takwarorinsu na Yamai da Damagaram da Agadas, a kuma sa ɗalibai mata a gaba, domin ilimin da ke hannun mata ba kowane namiji ake buɗe wa shi ba. Wanda zai hau Bagzam da alƙalami ya kamata ya hau da irin ladabin da mai magani ke hawa da shi, ya nemi izini, ya ɗebi gwargwadon buƙata, ya kuma mayar wa masu ilimin da abin da ya rubuta.